Malam Ra'i da Wasan Gwaggo Ungozoma

Shekara goma sha tara Malam Ra'i ya yi yana ɗinke kundayen ɗalibai a shagonsa da ke daura da ƙofar kwaleji, amma bai taɓa karanta kundi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Babi na biyu kawai yake karantawa. In ya shafa gam a bangon kundi ya danne shi a cikin injin matsi, dole ya ɗan jira ya sha iska, to a wannan jiran ne yake jawo na gaba ya buɗe. Kullum kuwa hannunsa babi na biyu yake faɗawa, inda ɗalibai ke jero ra'o'in masana a kan yadda ake nazarin adabi. Kafin ya kai babi na uku, inda ake gwada ra'in a kan littafi na gaske, gam ya bushe. Da haka ya tara ra'i sama da arba'in a kansa, ba tare da ya taɓa ganin inda aka yi aiki da ko ɗaya ba.

Nan sunan ya samo asali, don ba abin da za a faɗa a layin shagonsa bai liƙa masa ra'i ba. Tela ya ce allurar kekensa ta karye, Malam Ra'i ya ce ai wannan gwagwarmayar aji ce tsakanin ƙarfe da yadi. Mai Aski ya yi mafarkin ya faɗa rijiya, Malam Ra'i ya ce a ra'in binciken zuciya, haushin mahaifinsa yake ji a ɓoye. Sai da suka yi kwana uku ba sa gaisawa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A ƙarshen kowane wata sashen adabi na kwalejin yakan yi taron ƙara wa juna sani, kuma sau da yawa in ya kai kundaye yakan leƙa ta taga ya ga wani a tsaye a kan dandamali yana zuba, ɗalibai suna rubutawa. Shi ma so yake ya hau dandamalin nan, ko sau ɗaya ne kafin ya mutu. Saboda haka ranar da Dakta, shugaban sashen, ya zo karɓar wani littafinsa da aka sake wa bango, Malam Ra'i ya riƙe littafin gam a ƙirjinsa, ya shiga jero masa ra'o'i, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

“Malam, ina da aji,” in ji Dakta, yana duba agogo.

“Ranka ya daɗe, saura ra'i shida kacal.”

“To ji nan. Ka nemo wasan kwaikwayo guda, ka yi masa sharhi da kanka a gaban mutane, ni kuma zan zo in saurara. In na ji ma'ana, na ba ka minti goma a taronmu. Ba ni littafina.”

Dakta ya faɗa ne don ya kuɓuta. Kafin azahar layin gaba ɗaya ya ji cewa kwaleji ta aiko tana roƙon Malam Ra'i.

Ana haka sai ga Gwaggo, yayar mahaifinsa, tsohuwar ungozoma wadda ta yi shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta ajiye aiki. Tun da ta ajiye, abu biyu ta sa a gaba, kiwon kaji da rubutu. Shekara uku ta yi tana rubuta wasan kwaikwayo da biro a kan farar takarda, ga shi yau ta kawo shi ɗaure da tsohon bandeji. 'Yan ƙungiyar wasan layin, wato Tela da Mai Aski da Mai Fotokwafi da wasu biyu, sun yi mata alkawarin nuna shi a zauren firamare nan da mako uku.

“Ga shi nan, fitowa goma sha biyu ce, kowace na maƙale ta da fil,” in ji Gwaggo. “Ka ɗinke yadda na jera, ka ba yarinyar nan Mai Fotokwafi ta yi kwafi biyar. Ni zan tafi wurin 'yata da ta haihu, sai ranar wasan zan dawo. Kada ka neme ni a waya, garin nasu sai an hau tudu ake samu.”

“Gwaggo, kin san Allah ne ya aiko ki? Wane ra'i kika ɗora wasan a kai?”

“A kan tebur na ɗora shi.”

“A'a, nufina, ra'in tsari ne, ko na kare haƙƙin mata, ko kuwa...”

Ya kama zuba, idonsa a rufi. Gwaggo ta ciro wata takarda guda daga jaka, ta ɗora a kan ƙunshin, ta ce wannan kuma a ba Maman Biyu, wato matarsa. Ta faɗa har sau biyu. Malam Ra'i yana tsakiyar bayanin ra'i na huɗu, ya gyaɗa kai kawai, bai ji ko harafi ba. Gwaggo ta yi tsaki ta fita.

Tun safe babu wuta, kuma an bar makunnin fanka a lamba ta ƙarshe. Yana kwance bandejin ke nan aka kawo wuta. Kan ka ce kwabo shekara ukun Gwaggo sun tashi sama. Wata fitowa ta shige ƙarƙashin benci, wata ta faɗa bayan matsi, wata ta fice titi har sai da Tela ya taka ta da ƙafa. Da ya gama tsincewa ya zube su a tebur, sai ya ga Gwaggo ba ta sa lambar shafi ba, ba ta kuma sa lambar fitowa ba. Ita dai ta jera, ta ɗaure, ta amince wa ɗan ƙaninta.

Wani ne da sai ya zauna ya karanta a tsanake ya gano wace ke bin wace. Malam Ra'i kuwa murmushi ya yi.

“Wannan ai aikin minti biyar ne ga wanda ya san ra'in tsari,” ya ce wa Tela.

Ya tuna ya taɓa karantawa cewa wasan zamani da tashin hankali yake buɗewa, sai ya nemo fitowar da ta fi yawan kuka ya sa a farko. Ya tuna an ce abin da aka fi jira shi ake jinkirtawa, sai ya tura haɗuwar saurayi da budurwa can ciki. Sauran ya jera su bisa kauri. Takardar Maman Biyu kuwa ta shafo gam a gefe, ta maƙale a tsakiyar fitowar haihuwa, daidai bayan shafin da ya ƙare da cewa ungozoma ta juyo wurin dangi ta ɗaga murya. Rubutun hannu iri ɗaya, biro iri ɗaya. Ya huda, ya zura zare, ya ɗinke tamau, ya yi masa baƙin bango mai sheƙi.

Ranar gwajin farko a bayan shagon Tela, tun ba a yi nisa ba aka fara kallon-kallo. Malam Ra'i ya riga ya naɗa kansa mai ba da umarni, ya zauna a kan kujerar aski da aka jawo masa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Tela, wanda aka ba matsayin tsohon gidan, ya ce, “Ni fa ban gane ba. A fitowa ta farko na mutu, an lulluɓe ni ana ta kuka. A ta biyu kuma na shigo ina faɗa wai wa ya ɗauke mini tabarau.”

“Madalla! Wannan shi ake kira karya wuyan lokaci. Marubuciya tana nuna mana cewa tsohon zamani ba ya mutuwa, dawowa yake yi yana neman abin da zai gan mu da shi.”

“To in dawo da likkafanin ko in cire?”

“Ka yafa shi a kafaɗa.”

Mai Aski, wanda shi ne saurayin, ya ɗaga nasa kwafin. “Nawa ya fi naka muni. An haifa mini ɗa a fitowa ta uku, sai a ta bakwai nake ganin uwar a tashar mota ina tambayar sunanta. Malam Ra'i, matata fa za ta zo kallo, har da surukata.”

“Kai dai ba ka rabo da ƙaramin tunani. Ana tona asirin al'umma kana zancen suruka.”

“Asirina dai ake tonawa.”

Mai Fotokwafi ce ungozoma. Ta daɗe tana juya shafi ɗaya gaba da baya, can ta ce a saurara. Mace tana kan gwiwa, dangi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ita kuma an ce ta juyo ta ɗaga murya ta ce: “Da sassafe a buɗe musu ƙofa. A wanke mazubin ruwa kafin a zuba sabo. Wadda ta fara gyangyaɗi a ware ta, a ɗiga mata maganin kwalba sau uku. Jar nan mai shanye ƙwanta a kife ta da kwando. Zakara kuma kada a ba shi fuska.”

Tela ya ce shi dai wannan ya yi masa kama da zancen kaji.

Malam Ra'i ya miƙe tsaye a hankali. Shekara goma sha tara yana jiran shafi irin wannan.

“Kaji? Kai har yanzu kaji kake gani? Waɗanda za a buɗe wa ƙofa da sassafe su ne talakawa. Mai gyangyaɗi ita ce al'ummar da ta yi barci. Ja mai shanye ƙwanta kuwa jari-hujja ce, wadda ke cinye 'ya'yan da ta haifa. Zakara, wannan ko yaro ya san mulkin maza ne. Ra'i uku a shafi ɗaya! Ashe Gwaggo haka take, muna zaune da ita ba mu sani ba?”

“To maganin kwalbar fa?” in ji Mai Aski.

“Ilimi.”

“Sau uku a rana?”

“Firamare, sakandare, jami'a.”

Mai Fotokwafi kuwa da ta ji jawabin nata ne ya fi kowane nauyi, sai ta fara son sa. Malam Ra'i ya koya mata ta faɗe shi da rawar murya, hannu ɗaya a ƙirji, in ta zo kan zakara ta nuna maza da yatsa.

A gida kuwa Maman Biyu ta dame shi da tambaya. Gwaggo ta bar mata mabuɗin akurki, ta kuma ce za ta bar takardar yadda za a kula da kajin a shago.

“Ba ta bar komai ba sai wasa,” in ji shi, kansa a sunkuye yana rubuta sharhi.

“Baban Biyu, ka duba dai. Biyu sun fara sauke fukafukai, suna ta gyangyaɗi. Ga kwalabe uku a taga, ban san wace ce tasu ba.”

Kalmar gyangyaɗin ta ɗan taɓa shi. Wani abu ya motsa a can ƙasan zuciyarsa, kamar sauro ya wuce ta bayan kunne. Amma nan take ya tuna wani babi na biyu da ya ce marubuci na gaske daga rayuwarsa yake ɗebo alamominsa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ƙara wannan a sharhin. Da Maman Biyu ta ce ya karanta mata wasan ko kaɗan ne, ya ce ya fi ƙarfinta, ta bari sai ranar. A mako na biyu kaza uku suka mutu, a na uku biyu suka bi su. Shi kuma ya je akurkin da kansa ya kamo jar kazar, don ya yanke shawarar 'yan kallo su ga jari-hujja da idonsu.

Ranar wasan, bayan la'asar, zauren firamare ya cika har taga. Dakta ya cika alkawari, ya zo da ɗalibai biyu, aka ba su kujerun gaba. Malam Ra'i ya sha sabon ɗinki, ya soka biro huɗu a aljihu, yana kai da kawowa da takardun sharhi shafi ashirin. Motar su Gwaggo ta makara, don haka daga tasha ta wuto kai tsaye da jakarta, ta zauna kusa da Maman Biyu daidai lokacin da aka ja labule.

Ga Tela a miƙe a kan tabarma an lulluɓe shi, mata na rusa kuka. A gefen dandamali ga kwando a kife, wani abu na motsi a ciki.

“Wa ya kashe shi tun yanzu?” in ji Gwaggo.

“Gwaggo, yi haƙuri, wai haka zamani yake,” in ji Maman Biyu.

A fitowa ta biyu mamaci ya shigo da likkafani a kafaɗa yana neman tabarau. Wata tsohuwa a baya ta yi salati da ƙarfi, yara suka fashe da dariya. A ta uku aka kai matar Mai Aski ta wasa asibiti, alhali ba wanda ya ga lokacin da suka san juna. Surukarsa ta gaske ta gyara zama, ta ce a fili ita dama ta daɗe tana zargin mutumin nan. Gwaggo ta yunƙura za ta tashi, Maman Biyu ta riƙe mata zane.

Sai Mai Fotokwafi ta juyo, ta dafa ƙirji, ta kashe murya.

“Da sassafe... a buɗe musu ƙofa!”

Gwaggo ta saki baki.

“A wanke mazubin ruwa! Wadda ta fara gyangyaɗi a ware ta, a ɗiga mata maganin kwalba sau uku!”

A hankali Maman Biyu ta juyo ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ta. A kan dandamali ungozoma ta zo kan zakara, ta nuna layin maza da yatsa hawaye na zubo mata, mai naƙuda kuma tana can a bayanta tana nishi ba mai kula ta. Zaure ya kaure da dariya. Hayaniyar ta firgita jari-hujja, ta ture kwandon ta yi fiffike, ta sauka a kan Tela, wanda ya koma gefe ya kwanta yana jiran fitowarsa ta gaba. Tela ya zabura ya diro daga dandamali da likkafani, kaza ta bi ta kan 'yan kallo, ta ƙare a cinyar ɗalibin Dakta. Dakta ya cire tabarau yana share hawaye, kafaɗunsa na rawa.

Malam Ra'i ya leƙo ta bayan labule ya ga hawayen, zuciyarsa ta yi fari. Ko Dakta ya kasa daurewa! Da aka lallaɓa aka kai ƙarshe, inda wasan ya rufe da saurayi yana zuwa gaishe da tsohon da aka binne tun farko, sai ya hau dandamali, ya gyara murya, ya buɗe shafin farko.

Ya yi bayanin karya wuyan lokaci. Ya yi bayanin talakawa da ƙofa. Ya kai kan jaririn, wanda a wasan aka ce ya yi wata biyu yana tsala ihu ba dare ba rana, ya ce wannan jariri alama ce ta haɗama da cika baki marar amfani, irin mutanen da ke damun al'umma da surutu ba su tsinana komai ba. Nan ne Gwaggo ta miƙe. Ta karɓi kazarta daga hannun ɗalibin, ta shafa ƙirjinta ta ji ƙashi zalla, ta rungume ta a hammata.

“Kai, sauko nan.”

“Jama'a, ga marubuciyar da kanta! A tafa mata!”

“Kada wanda ya tafa. Wa ya ce ka sa takardar kajina a bakin ungozoma?”

“Gwaggo, ai alama ce. Ke kanki ba lallai ki san zurfin abin da kika rubuta ba.”

“Na san zurfinsa. Shafi ɗaya ne, na rubuta shi a tsaye a bakin akurki, na ce ka ba matarka.”

Dariya ta sake ɓarkewa. Malam Ra'i ya saci kallon Dakta, ya ga minti gomansa na shirin sulluɓewa, sai ya yi ta maza. Ya jawo babban makaminsa, ra'in da ya fi ƙauna duk cikin arba'in ɗin.

“Gwaggo, da girmanki da komai, a ilimance ba ki da ta cewa. Masana sun tabbatar, da zarar marubuci ya ajiye biro, rubutu ya fita daga hannunsa. Ma'ana ta mai karatu ce. Ke yanzu 'yar kallo ce kamar kowa.”

“To. Kajin ma sun fita daga hannuna?” Ta juya wurin Maman Biyu. “Ke, goma sha huɗu na bari. Nawa suka rage?”

“Tara, Gwaggo,” in ji Maman Biyu, ta miƙe ita ma. “Sau nawa ina tambayarsa takardar nan? Ashe tana nan yana koya wa mutane ita da kuka! Kwalbar ma da ya faɗa mini wace ce...”

“Ilimi ce,” in ji Mai Aski daga bayan labule. “Sau uku a rana.”

Har masu leƙe ta taga sai da suka riƙe ciki. Tela, wanda ke tsaye da likkafani a hannu, ya ce shi tun ranar da ya taka takarda a titi ya san za a yi haka, ya kwashe labarin fanka ya faɗa wa zaure kaf. Gwaggo ta saurara har ya gama, sannan ta tako gaban dandamali. Muryarta ta sauka.

“Jaririn nan mai ihu da ka ce alamar cika baki ne, ka yi gaskiya a nan, don kai ne. Ni na karɓi haihuwarka. Saurayin ubanka ne, tsohon kuma babana ne, kakanka. Yana kwance ba lafiya ya ce ba zai tafi ba sai ya ɗauki ɗan ɗansa, Allah kuma ya ba shi wata bakwai yana ɗaukarka. Shekara uku na yi ina rubutu don mutane su ga ya ɗauke ka kafin ya rasu. Kai kuma ka kashe shi tun kafin a haife ka.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Malam Ra'i ya dubi takardunsa shafi ashirin, ya laluba ra'o'insa arba'in ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda zai tare wannan magana ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Dakta ne ya tashi ya raba. Ya gaishe da Gwaggo da girmamawa, ya ce ko a hargitse ya ga wasa a cikin wasan nan, kuma yana roƙon a warware ɗinkin a jera shi daidai, ɗalibansa su karanta. Sannan ya juyo.

“Malam, minti goman nan na nan.”

Malam Ra'i ya ɗago kai da sauri.

“Na ba Gwaggo. Kai ka rako ta.”

A ƙarshen wata suka shiga kwaleji, Gwaggo a gaba, shi a baya da jakarta. Ya kwana biyu yana farke zare yana jera fitowa yadda take faɗa masa, kuma a karon farko a rayuwarsa ya karanta abu har ƙarshe. Ɗakin taron ya cika da malamai da ɗalibai, kowa da littafin rubutu. Da aka kira Gwaggo ta hau dandamali, sai aka tarar sandar makirufo ta lalace, in an ɗaga ta sai ta zame ƙasa. Aka ɗaure da roba ta ƙi. Gwaggo ta ce ita ba za ta iya riƙe abu tana magana ba, da hannu take bayani. Ta waiga ta yafito shi.

Haka Malam Ra'i ya hau dandamalin sashen adabi, ya tsaya a gaban malamai da ɗalibai, ya riƙe makirufo daidai bakin gwaggonsa. Minti goma aka ba ta, ta yi arba'in da biyar, ba wanda ya duba agogo. Ta ba su labarin ɗakin haihuwa, da yadda take tashi ta goge layi in ta ji ba haka babanta yake magana ba. Hannunsa ya yi tsami, ya sauya, ɗayan ma ya yi tsami.

Da aka zo tambayoyi, wata ɗaliba ta miƙe ta ce tana son sanin wane ra'i ya fi dacewa a yi nazarin wasan da shi. Malam Ra'i ya ji amsoshi shida sun taso masa lokaci guda har maƙogwaro. Makirufo na hannunsa. Bai san lokacin da hannun ya fara karkatowa wajen bakinsa ba.

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba, ta kamo wuyan hannun ta mayar.

“'Yata, ki fara karanta shi tukuna, daga farko zuwa ƙarshe,” ta ce. “Kai kuma ɗaga hannunka, na baya ba sa ji na.”